Nextcloud a Cikin Kwantenonin Docker: Sharhi Daga Wata Makarantar Ƙauye a Ƙasar Ringim

Nextcloud manhaja ce da ke ba mutum damar kafa ma'ajiyar fayiloli irin ta Google Drive ko Dropbox a kan kwamfutarsa ta kansa, ta yadda hotuna da takardu da muryoyin da aka naɗa za su zauna a ɗakinsa maimakon su tafi wata cibiyar bayanai a Amurka ko Turai. Wani Bajamushe mai suna Frank Karlitschek ne ya kafa ta a shekarar 2016, bayan ya bar ownCloud wadda shi ne ya fara ta tun 2010, kuma kamfanin da ke kula da ita yana ƙasar Jamus. Kyauta ake sauke ta, lasisinta na AGPL kuma ya halatta wa kowa ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba. Wannan sharhi ya shafi yadda take aiki idan aka ɗora ta a cikin kwantenonin Docker, wato keɓaɓɓun akwatunan gudanar da manhaja, a kan ƙaramar kwamfuta, a wata makarantar Islamiyya da firamare da ke wani ƙauye a ƙasar Ringim ta jihar Jigawa, inda nake kula da takardun ofis da ɗakin kwamfuta, inda kuma wutar gari ba abin dogaro ba ce, data kuwa da tsada ake sayen ta.

Ra'ayina shi ne, a irin wurinmu babban amfanin Nextcloud bai rataya a kan intanet ba. Yawancin waɗanda ke yabon ta a ƙasashen waje suna magana ne a kan sirri da 'yancin kai daga manyan kamfanoni, suna kuma ɗauka cewa kowa yana da wuta dare da rana da intanet mai gudu da ba a auna shi da gigabait. Mu abin da ya fi mana amfani shi ne cewa uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da fayilolin, tana zaune a cikin harabar makaranta, wayoyin malamai suna magana da ita ta Wi-Fi na cikin gida, saboda haka ko bidiyo mai nauyin gigabait biyu aka ɗora ko aka sauke, ba a taɓa datar kowa ba. Wanda ya fahimci wannan zai tsara komai a kansa, ya kuma ji daɗin manhajar. Wanda ya kafa ta da nufin ta zama masa Google Drive da zai riƙa shiga daga ko'ina ta layin waya, zai sha wahala fiye da ribar da zai samu.

Kafin a kafa ta, takardun makarantar a warwatse suke a hannun mutane. Sakamakon jarrabawa yana cikin filashin mataimakin shugaba, hotunan ɗalibai na rajista suna cikin wayar malamin da ya ɗauka, karatun tafsirin watan azumi yana cikin memori, bidiyon walimar saukar Alƙur'ani kuwa sai dai a bi wanda ya naɗa a karɓa ta Xender. Abin da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan iso a matse, rubutun jikin takarda ya dusashe, kuma ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta a kasuwa, shi ke nan aikin shekara ya tafi. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke raba su, kuma tun 1 ga Yuni 2021 aka daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka. Sayen ƙarin wuri na buƙatar katin banki da zai yi aiki kowane wata, sannan duk fayil ɗin da aka ɗora sai an biya datarsa wajen hawa, an sake biya wajen sauka. Da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, lissafin ya ƙara tsananta ga malamin da albashinsa bai motsa ba.

Na'urar da muke amfani da ita tsohuwar ƙaramar kwamfutar ofis ce, irin waɗanda ake samu na hannu a shagunan titin Beirut a Kano, faɗinta bai wuce na littafin rajista ba. Tana da RAM gigabait 8, da faifan SSD da ke ɗauke da babbar manhajar Debian (wani nau'in Linux, ita ke tafiyar da kwamfutar) da rumbun bayanai, da kuma wani faifan mai terabait ɗaya da ke ɗauke da fayilolin kansu. Mutane da yawa kan fara tunanin Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu, saboda ƙarancin cin wutarta, kuma lallai tana iya aikin, amma ban ba da shawararta ga makaranta ba saboda dalilai biyu. Na farko, idan aka bar ta tana aiki a kan katin memori, yawan rubutun rumbun bayanai da yankewar wuta ba zato suna saurin lalata katin. Na biyu, Raspberry Pi 4 ba ta da agogon ciki mai batir, saboda haka idan ta mutu ta tashi a lokacin da babu intanet, ba ta san kwanan wata ba, kuma agogon da ya kauce yana iya sa shaidar tsaro, wadda ke tabbatar wa waya cewa uwar garken gaskiya take magana da ita, da ayyukan da aka tsara wa lokaci su rikice. Tsohuwar kwamfutar ofis tana da wannan agogo, abin da kawai take buƙata shi ne a sauya mata ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, tun ranar da aka sayo ta.

Maganar wuta ce ya kamata mai sha'awar wannan aiki ya fara zama ya lissafa kafin ya sauke ko da fayil ɗaya. Irin wannan kwamfuta, idan ba ta cikin aiki mai nauyi, tana cin wat 10 zuwa 15, rauta, wato na'urar da ke haɗa wayoyi da kwamfutoci da intanet, da na'urar Wi-Fi kuma su ci kusan wat 10, a ce jimilla wat 25. A awa 24 wannan ya kama awa-wat 600. Batirin lithium irin na LiFePO4 mai bolt 12.8 da amfiya-awa 100 yana riƙe awa-wat 1,280, ke nan zai ɗauki dare guda cikin sauƙi, ya kuma bar rara saboda ranakun hadari na watan Agusta da ranakun da ƙurar hunturu ke rufe rana. Farantin sola mai wat 300 ya isa ya cika shi a yawancin ranakun shekara, matuƙar ana share masa ƙura. Abin da mutane kan manta shi ne babbar inbata tana cin nata rabon ko da ba a jona mata komai ba, wani lokaci ma fiye da abin da kwamfutar ke ci, don haka ya fi dacewa a ware wa uwar garke ƙaramar inbata, ko a ba ta wuta kai tsaye daga batir ta na'urar daidaita bolt da ta dace da ita. Kada kuma a haɗa ta a layi ɗaya da firji ko injin ɗab'i. Sai a shiga BIOS, wato saitin asali na kwamfutar, a umarce ta da ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo, domin ba kullum ne za a samu wanda zai buɗe ofis ya danna maɓalli ba.

Zafi da ƙura su ne abokan gaba na biyu. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40, ofis mai rufin kwano kuma ya fi waje zafi da azahar. Mun ajiye tamu a ɗakin ajiya mai rufin ƙasa da ke gefen masallaci, a kan kanta, nesa da taga, kuma bambancin a bayyane yake a ma'aunin zafin faifan. A lokacin hunturu ana buɗe murfinta lokaci-lokaci a busa ƙurar da ta taru a fanka. Duk wanda ya yi sakaci da wannan zai ga kwamfutar tana rage gudu da kanta don kare kanta daga ƙonewa, ya ɗora wa manhaja laifin da ba nata ba.

Docker, wadda ta fito a shekarar 2013, hanya ce ta gudanar da kowace manhaja a cikin nata keɓaɓɓen akwati da ake kira kwantena, tare da duk kayan da take buƙata, ba tare da ta cuɗanya da sauran abin da ke cikin kwamfutar ba. Nextcloud ba manhaja ɗaya tilo ba ce. An rubuta ta da harshen PHP, tana buƙatar rumbun bayanai irin MariaDB ko PostgreSQL don sanin wane fayil ne na wa, akan haɗa ta da manhajar Redis don kada mutum biyu su rubuta a fayil ɗaya a lokaci guda su ɓata shi, tana kuma da aikin bayan fage da ya kamata ya gudana kowane minti biyar. Idan aka girka waɗannan ɗaya bayan ɗaya kai tsaye a kan babbar manhaja, sai an tuna abin da aka taɓa a wurare da dama, kuma sabunta ɗaya na iya karya ɗaya. Da Docker Compose kuwa, ana rubuta duka tsarin a cikin fayil ɗaya wanda bai cika shafi biyu ba: ga kwantenar Nextcloud, ga ta rumbun bayanai, ga ta Redis, ga ta aikin bayan fage, ga kuma wurin da kowacce za ta ajiye abin da bai kamata ya ɓace ba. Layi ɗaya a cikin fayil ɗin, wato restart: unless-stopped, shi ke sa dukkansu su tashi da kansu bayan wuta ta dawo.

A nan ne na ga darajar kwantena ta gaskiya, kuma darajar ta fi girma a ƙauye fiye da birni. Mai gyaran da ya san Linux ba ya kusa da mu, zuwa Kano ko Dutse da kwamfuta a hannu kuma yini guda ne da kuɗin mota. Idan na'urar ta mutu gaba ɗaya, abin da ake buƙata shi ne wata kwamfutar ko wace iri ce, a girka mata Debian da Docker, a kwafo wancan fayil ɗin da kwafin bayanan, a ba da umarni ɗaya, komai ya dawo yadda yake har da asusun kowane malami. Na gwada wannan da gangan a kan wata kwamfutar ɗakin karatu a lokacin hutu, kuma ina ba duk wanda ya kafa irin wannan tsari shawarar ya gwada tun babu abin da ya lalace. Sharaɗi guda ne: a tabbata fayiloli da rumbun bayanai da fayil ɗin saiti suna zaune a wajen kwantena, a folda ta dindindin, domin kwantena kanta abar zubarwa ce, duk abin da aka bari a cikinta yana tafiya da ita ranar da aka sabunta.

Hanyoyi biyu ne sanannu na ɗora ta a Docker. Akwai Nextcloud All-in-One, wadda kamfanin ya shirya, tana da shafin da ake dannawa ta girka sauran kwantenonin da kanta, har da tsarin kwafin ko-ta-kwana mai amfani da BorgBackup. Ga mai intanet na dindindin da adireshin shafi nasa, ita ce mafi sauƙi. Sai dai an gina ta ne a kan cewa akwai sunan shafi na gaske da shaidar tsaro ingantacciya, tana kuma jawo ƙunshi masu nauyi da yawa, wato shiryayyun fayilolin da ake tayar da kwantena daga gare su. Na zaɓi hanya ta biyu, wato rubuta fayil ɗin Compose da hannu da ƙunshin Nextcloud da ke Docker Hub, saboda ina so in san kowane abu da ke gudana, in kuma iyakance abin da za a sauke. Ko ta wannan hanyar saukewar farko tana cin ɗaruruwan megabait, don haka gara a yi ta da datar dare, ko a ɗauki na'urar a kai ta inda intanet ke da ƙarfi a gama girkawa a can.

Wuri mafi wahala a duk aikin shi ne adireshi da shaidar tsaro. Nextcloud ba ta amsa kira sai daga adireshin da aka rubuta mata a jerin amintattu a cikin config.php, saboda haka dole a ba uwar garke adireshin IP da ba ya sauyawa a rauta. Ana iya shiga da lambobin adireshin kai tsaye ba tare da kullewar HTTPS ba, amma hakan na nufin kalmomin sirri suna yawo a fili a kan Wi-Fi, abin da ban yarda da shi ba a wurin da ɗalibai manya ke da wayoyi. Mafita ita ce a sayi sunan shafi mai araha, a sa kwantenar manhajar Caddy a gaba ta karɓo shaidar tsaro daga cibiyar Let's Encrypt ta hanyar tabbatarwa ta DNS, wadda ba ta buƙatar a buɗe wata ƙofa ga duniya, sannan a saita rauta ta riƙa fassara wannan suna zuwa adireshin cikin gida. Shaidar tana ƙarewa bayan kwana 90, ke nan dole a bar wa rauta ɗan data don sabuntawa. Wannan mataki ba na mai koyo ba ne, kuma duk wanda ya ce maka kafa Nextcloud aikin minti goma ne, bai kai nan ba tukuna.

Da zarar an wuce wannan, amfani da ita a kullum yana da daɗi ƙwarai. Da safe malamar aji uku takan shigo harabar makaranta, wayarta ta kama Wi-Fi tun daga bakin ƙofa, kafin ta gama gaisawa da mutanen ofis hotunan takardun gwajin da ta ɗauka jiya a gida sun hau foldar ajinta, mataimakin shugaba kuma ya buɗe su a kwamfutar ofis da rubutunsu tar, ba a matse ba. Kowane aji yana da foldarsa, malamin ajin yana iya rubutawa, sauran kuwa sai dai su karanta. Akwai folda ta karatuttuka da kowa ke saukewa ya tafi da su gida ya saurara. Sunayen fayiloli masu ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai, haka ma waɗanda aka rubuta da ajami ko Larabci, abin da ya sauƙaƙa wa malaman ɓangaren Islamiyya. Idan wani ya goge fayil bisa kuskure, yana nan a kwandon shara, wanda a saitin asali yake riƙe shi aƙalla kwana 30 muddin akwai wuri, idan kuma ya rubuta wani abu a kan tsohuwar takarda, ana iya komawa ga yadda take a da. Wannan na ƙarshe ya fi komai kwantar wa masu shigar da maki hankali.

Manhajar waya tana da saitin da ya dace da mu, domin ana iya umartar ta kada ta ɗora komai sai a kan Wi-Fi, ko sai waya tana caji. Amma akwai abubuwa biyu da ya wajaba a gyara a wayar kowane malami da hannu. Wayoyin Android masu sauƙin kuɗi da suka fi yawa a hannun mutanenmu suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tsimin batir, saboda haka sai an cire Nextcloud daga wannan takunkumi, in ba haka ba ɗorawar kai-da-kai ta tsaya shiru. Haka nan idan datar rauta ta ƙare, waya takan ga Wi-Fi ɗin babu intanet ta sake shi ta koma layinta, sai an gaya mata ta ci gaba da riƙe shi. Bayan haka, a zauna da kowane malami a zaɓi foldar da za ta riƙa hawa, kada a bar ta ta kwashe duk hotunan wayarsa har da na iyalinsa.

Ta fuskar gudu, Nextcloud ba mai sauƙin nauyi ba ce. Buɗe folda mai ɗaruruwan hotuna a karon farko yana sa kwamfutar ta yi ta nishi tana ƙera ƙananan hotunan dubawa, sai dai idan an girka ƙarin manhajar Preview Generator an bar ta ta yi aikin tun da wuri, da rana lokacin da sola ke da ƙarfi. Nextcloud Office, wadda ke dogara da Collabora don mutane su gyara takarda ɗaya tare a cikin burauza, tana aiki, amma tana cin RAM da wurin ajiya sosai, kuma ga makaranta mai kwamfutoci kaɗan ban ga ta cancanci nauyinta ba. Mun kashe ta, muna gyara takardu da LibreOffice a kwamfuta, manhajar daidaitawa ta mayar da su. Talk da kalanda da sauran ƙarin manhajoji suna nan birjik, amma kowace aka kunna ƙarin nauyi ce da ƙarin abin da zai iya tsayawa ranar sabuntawa.

Shiga daga waje kuwa yana da nasa cikas da ba laifin manhajar ba ne. Layukan waya suna haɗa dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT, don haka babu yadda za a yi a buɗe ƙofa a rauta mutum ya shigo daga Dutse ko Kano kai tsaye. Starlink ma, wadda ta fara aiki a Nijeriya a farkon 2023, haka tsarinta na gama-gari yake. Abin da ya yi mana aiki shi ne Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard, tana haɗa waya da uwar garke ta ɓoyayyiyar hanya ba tare da an tallata na'urar ga duniya ba. Mutum biyu kawai muka sa wa, shugaban makaranta da ni, saboda lokutan da ake neman wata takarda a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ya kamata a sani cewa a wannan hali data biyu ake ci, ta rautar makaranta wajen turawa da ta waya wajen karɓa, gudun kuma bai wuce ƙarfin turawar layin ƙauye ba. Takarda da hoto suna zuwa lafiya, bidiyo kuwa gara a jira a dawo gida.

Sabuntawa nauyi ne da ba ya ƙarewa. Babban sabon zubi na manhajar yana fitowa sau biyu ko uku a shekara, ana kula da kowanne na kimanin shekara guda, kuma ƙa'idar ita ce ba a tsallake zubi: wanda ke kan na 29 ba zai yi tsalle zuwa na 31 ba sai ya bi ta na 30. Saboda haka kuskure ne a rubuta latest, wato zubi mafi sabo, a fayil ɗin Compose, domin wanda ya daɗe bai sabunta ba zai jawo zubin da ya yi masa nisa, manhajar ta ƙi tashi. A rubuta lambar zubin a fili, a ɗaga ta ɗaya bayan ɗaya, a lokacin hutun zango, bayan an ɗauki kwafi.

Batun kwafin nan shi ne shugaban makarantarmu, dattijo malamin fiƙihu da bai damu da sunayen manhajoji ba, ya fara tambaya ranar da aka nuna masa na'urar. Ya dube ta a kan kanta, ya ce, "Malam, yanzu duk takardunmu suna cikin wannan ɗan akwatin? To idan gobara ta tashi, ko ɓarawo ya ɗauke shi fa?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai kwafi a wani faifan." Ya ce, "A ina faifan yake?" Da na nuna masa aljihun teburin da ke ɗakin, sai ya ce a kai shi gidansa, domin manomi mai hankali ba ya zuba hatsin ci da irin shuka a rumbu ɗaya. Abin da ya faɗa shi ne ainihin ƙa'idar da masana ke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Daidaitawa tsakanin waya da uwar garke ba kwafin ko-ta-kwana ba ce, domin abin da aka goge ko ya lalace a gefe ɗaya yana bin sauran. Yanzu faifai biyu muke juyawa, ɗaya a jone yana karɓar kwafi kowace rana da la'asar kafin batir ya fara sauka, ɗaya a gidan Malam, ana musanya su ranar Alhamis. Kafin kowane kwafi ana sa Nextcloud a yanayin gyara, a fitar da rumbun bayanai, a haɗa da fayiloli da saiti, sannan manhajar restic ta kulle su da kalmar sirri, ta yadda ko faifan ya faɗi a hanya ba mai iya karanta shi. Hanyar Compose ba ta zuwa da wannan a shirye, mutum ne zai rubuta da kansa, kuma wannan babban rashi ne idan aka kwatanta ta da All-in-One.

Akwai wata magana da masu tallata irin wannan tsari ba su cika faɗa ba, ni kuwa ina ganin ta fi duk sauran nauyi. Idan aka ce bayanai sun fita daga hannun manyan kamfanoni, to sun koma hannun wani ne, kuma wannan wani shi ne mai kula da uwar garke. Wanda ke da mabuɗin kwamfutar yana iya buɗe fayil ɗin kowa kai tsaye daga faifai, ba tare da ya san kalmar sirrin mai shi ba. Kullewar da ake yi a ɓangaren uwar garke ba ta hana shi, domin mabuɗanta a na'urar suke. Akwai kullewa daga waya zuwa waya da ke hana hakan, amma foldar da aka kulle haka ba ta samun duk sauƙin rabawa da sauran ke da shi. A ƙauye, inda kowa ya san kowa, hoton matar aure ko takardar asibitin wani ɗalibi ta fito daga hannun maƙwabci ta fi ciwo a kan ta zauna a wata cibiya a ƙetaren teku. Don haka tun ranar farko aka tara malamai aka gaya musu wannan a fili, aka kuma yi ƙa'ida cewa ma'ajiyar ta aikin makaranta ce, ba wurin ajiye sirrin gida ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma ta ɗora nauyi a kan duk wanda ke tara bayanan mutane, bayanan yara kuma sun fi buƙatar kulawa. Wannan amana ce, kuma makarantar da ba ta da mutumin da za ta iya danƙa wa ita, bai kamata ta fara ba.

Ga mutum ɗaya mai waya ɗaya da ke son kada hotunansa su ɓace, ban ba shi shawarar wannan hanya ba. Kuɗin kwamfuta da batir da sola da faifai uku zai biya masa ajiyar intanet na tsawon lokaci, ko kuma ya sayi faifan waje guda biyu ya huta. Wanda ke son daidaita folda tsakanin na'urori biyu ko uku kawai, Syncthing ta ishe shi ba tare da uwar garke ba, wanda kuma hotuna kaɗai ke gabansa zai fi jin daɗin Immich. Inda Nextcloud ta yi zarra shi ne wurin da mutane goma ko ashirin ke taruwa a haraba ɗaya kowace rana suna musayar fayiloli, kowa da iyakar abin da ya halatta ya gani: makaranta, ƙungiyar manoman rani, ƙaramin asibitin sha-ka-tafi mai zaman kansa, shagon ɗaukar hoto da buga takardu. Idan kuma da ma akwai sola a wurin, rabin kuɗin ya riga ya fita. Ga matashin da ke son koyon Linux da sarrafa uwar garke, ɗan ɗakin gwaji irin wannan a gida makaranta ce mai kyau, da sharaɗin kada ya karɓi ajiyar mutane sai ya iya maido da kwafi da hannunsa.

Abu na ƙarshe da ya rage a tsara shi ne ranar da mai kula da na'urar ba ya nan, ko an yi masa canjin wurin aiki, ko rashin lafiya, ko abin da ya fi haka. Fayil ɗin Compose yana taimakawa a nan, tunda shi kansa bayani ne na yadda aka gina komai, amma bai wadatar ba. Mun buga shi a takarda, muka haɗa da kalmomin sirri na uwar garke da na rumbun bayanai da na restic da na asusun sunan shafi, da matakan maido da kwafi a rubuce da Hausa ɗaya bayan ɗaya, aka rufe a ambulan aka ba shugaban makaranta. Wani matashin malamin lissafi kuma yana zama tare da ni duk lokacin sabuntawa, shi ke buga umarnin da hannunsa ina kallo, kuma a hutun zango mai zuwa shi kaɗai zai maido da kwafin a kan kwamfutar gwaji daga abin da ke cikin ambulan ɗin.